Sunan Surukin Abokina

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Masu amsa shi ko a Poland ba su da yawa, balle a Alƙahira, inda na tabbata yaro ɗaya ne tal yake ɗauke da shi. In na rubuta, kamar na nuna ƙofar gidansu ne da yatsa. Abin da zan iya faɗa shi ne, ni na raɗa wa yaron sunan a kunne, kuma ni na fara ɓoye sunan, duk a safiya ɗaya.

Uban yaron abokina ne tun muna ɗalibai a unguwar Darrasa. Shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Shi Bakatsine ne, ni Bazazzagi. Da muka gama karatu, shi ya koma raka marasa lafiyar da ke zuwa daga gida zuwa asibiti yana yi musu tafinta, ni kuma na maƙale a wani shagon littattafai ina duba kurakuran bugu. Dukanmu muka tare a unguwar Faisal, tsakaninmu layi uku. Ya auri wata 'yar Poland da ta zo koyon Larabci, ta musulunta tun kafin su haɗu, tana aiki a wani ofis a Ma'adi. Larabci suke yi a gida, in rai ya ɓaci su koma Turanci.

Mahaifinta ya rasu tana da ciki wata bakwai, likita ya hana ta hawa jirgi, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta haifi namiji ranar wata Talata. Laraba da hantsi sai ga abokina a shago, ya ajiye min wata 'yar takarda a kan aikin da nake dubawa.

"Ustaz, duba min wannan. Ya halatta?"

In yana neman abu a wurina Ustaz yake ce min. Sauran lokuta kuwa "kai Bazazzagi" ne. Na buɗe takardar na ga kalma ɗaya da rubutun matarsa, harafi bakwai, ɗaya da ɗigo a kansa.

Na ce, "Maganin me ne wannan?"

"Sunan surukina ne. Shi take so a sa wa yaron. Ni ba ni da ta cewa, ka san halin da ta shiga. Amma kada in je in raɗa wa ɗana sunan wani gunki ban sani ba."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Gaskiya aikin ya yi min daɗi, don ni mutum ne mai son tonon asalin kalma, har matata takan ce da a ce ana biyan mutum a kan tambayar da ba a yi masa ba da mun gina gida. Na duba a waya, na duba wani ƙamus na sunaye da mai shagonmu ya tono min daga ƙarƙashin kaya. Sunan kalmomi biyu ne aka haɗa, irin yadda mutanen can suke haɗa sunayensu na da. Ta farko Allah, ta biyu kyauta. Kyautar Allah ke nan. Tsohon suna ne, kuma na ga a wasu ƙasashen da ke kudu da su akwai ɗan'uwansa ana sa shi sosai. A Poland ɗin ne dai ya ja baya, iyaye suka daina waiwayarsa.

Duk da haka na tafi wajen wani tsohon malaminmu da ke zama kusa da masallaci bayan la'asar. Na karanto masa ma'anar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce da Larabci, shekara nawa na yi ina karatu har zan tako in tambaye shi wannan. Suna in ma'anarsa mai kyau ce, kowane harshe ne, babu laifi. Ya ce ai da Larabci ma akwai irinsa, na ce mu ma Hausawa muna sa wa ɗan da aka daɗe ana jira makamancinsa. Ya ce to, khalas, ya koma kan littafinsa.

Ranar Juma'a na je gidan da albishir. Maijego tana zaune a falo da jaririn, ta yi fayau. Na zayyana mata duk abin da na gano, asali da ma'ana da ƙasashen da ake sa shi, kamar ba sunan ubanta ba ne. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa haɗuwa da wani mai sunan ba sai mahaifinta. Ba a makaranta ba, ba a unguwa ba. Ta ce in aka kira sunan a kasuwar garinsu mutum ɗaya ne zai waiwayo, yanzu kuma babu shi.

"Ustaz," ta ce, "so nake in riƙa jin ana kiransa a cikin gida."

Na ce in sha Allahu. Na ji maganar sarai, kunnena lafiya lau. Amma hankalina yana kan yadda zan furta harafin nan mai ɗigo ranar suna ba tare da na ji kunya ba. Na sa ta maimaita min shi sau biyar, na tafi ina bitarsa a cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, wani Bamisire na gefena yana kallona.

Aka yi suna ranar Talata da safe. Ragon a wajen mahauci aka yanka, aka hau da naman sama. Ɗalibai 'yan gida suka cika falo har bakin bene. Girki kuwa wata dattijuwa ce da ke hawa na ƙasa ta tsaya a kai, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa za su aikin hajji suka yada zango a can. Yaƙi ne ya koro ta Masar. Kowa Habboba yake ce mata, wato kaka da Larabcin Sudan.

Aka miƙo min jaririn. Na yi bisimilla, na raɗa masa sunan a kunne, sannan na faɗa da ƙarfi don jama'a su ji. Ya fita daidai, har na ji maijego daga ɗaki ta ja numfashi. Aka yi fatiha. Wasu suka gwada maimaitawa, aka yi 'yar dariya, na yi musu bayanin ma'ana, kowa ya ce masha Allah. Da zan mayar wa uban da ɗansa sai na ce, "To, Allah ya raya mana Abba."

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi tunani ba. Haka ake yi. Yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiran sunan gatsal, sai a sa masa laƙabi, Abba ko Baffa ko wani abu makamancin haka. Uba ba zai tsaya tsakar gida yana ƙwala kiran sunan surukinsa ba, yana cewa zo nan, ajiye wannan, za ka sha duka. Ni kaina ɗana na fari sunan mahaifina gare shi, kuma tun ranar sunansa ban sake furtawa ba. Jama'a suka amsa da amin, kafin a gama cin nama yaro ya zama Abba, uwarsa ta zama Maman Abba.

Da hutun haihuwarta ya ƙare ta koma aiki. Takan fita da sassafe ta kama mota zuwa tashar jirgin ƙasa, ba ta dawowa sai dab da magariba. Yaron a hannun Habboba yake yini. Habboba kuwa a kan al'ada ba ta da sassauci, ta fi mu da muka zo daga gida jiya-jiya riƙo. Matata ta ba ni labarin ranar da Maman Abba ta kira yaron da sunansa a gaban mata. Habboba ta ajiye ludayi ta ce, "La, la, ya bitti, 'yata, aib ne. Ɗan fari ne fa, kuma sunan babanki. Ko a Sudan ba mu yi." Cikin lallashi ta faɗa, har da dafa kafaɗa. Yarinyar tana son ta zauna lafiya da mutanen mijinta, sai ta daina kiran sunan a gabansu.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya. A shekarar farko ita kanta ba ta iya furta sunan sai kuka ya zo mata. In su biyu ne sai ta kira shi da wata kalmar shagwaɓa ta harshensu, irin ta 'yan jarirai. Ta bar wa sauran mutane kiran sunan, tana jiran ta ji shi a bakin wani. Mu kuma mun rufe bakinmu don girmama mamacin.

Sau ɗaya ta tambaye ni. Mun je gaisuwar salla, tana zuba min shayi ta ce, "Ustaz, me ya sa Abba?" Ni kuwa an taɓo min inda nake so. Na yi ta zuba a kan kunya da kara, da yadda mace ba ta kiran sunan mijinta, da yadda ake sakaya sunan manya. Na fi minti goma ina bayani. Ta ce, "Tamam," wato to, shi ke nan. Na ɗauka ta gamsu, har na yaba wa abokina a hanya na ce matarsa tana da fahimta.

Yaron yana gab da shekara uku mahaifiyar Maman Abba ta zo daga Poland, zuwanta na farko, za ta yi mako biyu. Ba haka kawai ta zaɓi lokacin ba. Su a can kowane suna yana da ranarsa a kalanda, kuma tsofaffinsu sun fi ɗaukar wannan rana da muhimmanci a kan ranar haihuwa. A ranar ake zuwa a gaishe da mai sunan, a kawo masa fure ko wani abin daɗi. Shekara arba'in da wani abu tana yi wa mijinta wannan rana. Bana ta ce za ta yi wa jikanta. Aka gayyace mu ni da matata cin abincin rana, tunda ni na raɗa suna.

Doguwar tsohuwa ce mai farin gashi, ba ta jin Larabci ko Turanci, komai sai 'yarta ta fassara. Kwananta biyu da isowa, kuma yaron bai saba da ita ba tukuna, yana ta ɓuya bayan Habboba. Tun safe ta shiga kicin ta gasa wani kek mai tuffa, wanda aka ce shi mijinta ya fi so. Bayan mun ci abinci ta ɗauko shi ta ajiye a tebur, ta fito da wani ɗan akwati daga jakarta. Agogon mijin ne, an zana sunan a bayansa.

Yaron yana bakin baranda yana tura motar roba, ya ba mu baya. Tsohuwa ta gyara zama ta kira sunan. Wannan ne karo na farko da na ji shi a bakin wadda ta shekara arba'in tana kiransa, ashe nawa na ranar suna kwaikwayo ne kawai. Yaro ko gezau. Ta sake kira, ta ɗan ɗaga murya. Ya ci gaba da tura motarsa yana yi mata ƙara da baki. Ta kira na uku.

Abokina ya ga abin zai yi tsawo, yana son ya taimaka, sai ya ce, "Abba, zo nan, yalla." Yaro ya yar da mota ya sheƙo da gudu.

Tsohuwa ta dubi 'yarta ta yi wata gajeriyar tambaya. 'Yar ba ta so fassarawa ba, sai da uwar ta maimaita. Ta ce, "Tana tambaya, wai sunan muni ya yi muku?"

Duk aka juyo ana kallona, tunda ni ne Ustaz. Na ce subhanallahi, ko kusa. Na sake ɗauko bayanin nan nawa na kunya da kara, amma wannan karon a gajarce, don tun ina yi nake jin bakina yana nauyi. Na ce girmamawa ce, mu sunan da muke ganin girmansa shi muke sakayawa, ni ma ɗana sunan mahaifina gare shi kuma ba na kira. Aka fassara mata. Ta gyaɗa kai, ba alamar fushi. Ta tambaya, sunan mahaifina da na sa wa ɗana, mutum nawa ne ke da shi a garinmu?

Na yi dariya na ce ai ba ya ƙirguwa. A layinmu kaɗai na Zariya sun fi biyar, a falon nan ma ranar suna akwai biyu.

Ta mayar da agogon cikin akwati. Ni kuwa na ji amsar da kaina. Mu in mun ɓoye suna a gida ɗaya, yana nan a bakin maƙwabta, ana kiransa a masallaci da kasuwa da makaranta, ba abin da zai same shi. Nasu mutum ɗaya ne ya rage masa a duk danginsu, shi ne muka taru muka rufe. Ni da na kwana biyu ina binciken yadda sunan ya yi ƙaranci, na san wannan fiye da kowa a falon. Kunya ta kama ni sosai, irin wadda ba ta al'ada ba.

Maman Abba ce ta yanka kek ɗin. Muka ci, yana da daɗi ƙwarai, Habboba ma ta ce kwayyis. A bene muna sauka Habboba ta ce min ita fa har yanzu ba ta ga laifin da aka yi ba, yaro dai an girmama kakansa. Na ce haka ne, Habboba. Ban ga amfanin jayayya da ita ba, tunda abin da ta faɗa gaskiya ne.

Bayan kwana uku abokina ya zo shago. Ya zaro 'yar takardar nan daga walat ɗinsa, ta yi laushi ta kusa rabewa a wajen ninki.

"Ustaz, koya min yadda ake faɗa."

Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne. Shekara uku, yana iya rubuta sunan a takardun asibiti da na fasfo, amma bai taɓa furta shi ba ko sau ɗaya, bai ma san ta inda ake kama shi ba. Ban yi masa tsiya ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi. Muka je wani shagon shayi da ke bayan layi muka zauna a lungu. Ina faɗa yana maimaitawa a hankali, kamar mai biya allo. Cikin minti kaɗan harshensa ya kama, Bakatsine ne amma ba laifi. Matsalar ba a harshe take ba. Duk sanda ya faɗa sai ya sunkuyar da kai ya waiwaya.

Ya ce, "Wallahi ji nake kamar ina zagin bawan Allahn nan. Kuma a gaban matarsa? Kai da kanka za ka iya?"

Na ce ban sani ba, ni ba a taɓa nema a wurina ba.

Matata, wadda take leƙa gidan kullum, ta ce tsohuwa ba ta sake ta da maganar ba. Takan dai zauna a ƙasa kusa da yaron da safe, ta nuna kanta ta faɗi kalmar kaka da harshensu, ta nuna shi ta faɗi sunan. Yaron ya ɗauka wasa ne. In ta nuna shi sai ya buga ƙirji ya ce Abba, ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta yi murmushi. Abokina kuwa kullum sai ya ce min yau zai kira sunan, kullum sai ya dawo ya ce bai samu hanya ba.

Ranar da za ta koma, jirginta na yamma ne. Na je bayan azahar don in taya su sauke kaya. Mai tasi yana ƙasa yana ta danna hon, mai gadin gida yana ba shi haƙuri. Na ɗauki babbar jakar, Maman Abba ta riƙe ƙaramar. Tsohuwa ta sumbaci jikanta, ta gaisa da Habboba hannu biyu, ta juya ta fara sauka a hankali tana dafa bango. Agogon ta bar wa 'yarta ta ajiye. Yaron ya zame daga hannun Habboba ya koma cikin falo wajen motarsa, ya ba ƙofa baya.

Abokina yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da makulli, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya dube ni, na kawar da kai. Sai na ji ya kira sunan. Ba a hankali ba, da ƙarfi ya kira, yadda uba yake kiran ɗansa in za a fita, har benen ya amsa. Habboba ta ce innalillahi ta rufe baki da mayafi.

Yaron bai waiwayo ba. Tsohuwar ce ta waiwayo. Tana matakala ta huɗu ko ta biyar, ta juyo da sauri irin na wadda ta manta shekarunta, tana duban bayan abokina, cikin falon, kamar akwai wanda zai fito. Ta daɗe a haka. Sannan ta dawo da idonta kan surukinta, wanda kansa ke ƙasa kamar an kama shi da sata, ta ce wani abu gajere.

Na tambayi Maman Abba me ta ce. Sai da ta ajiye jakar ta share fuska da bayan hannu kafin ta iya amsawa.

"Ta ce ya sake faɗa."